Kurakuran da masu babur ke gada baki da baki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da 'yan uwanmu masu hawa babur, musamman waɗanda ƙaunarsa ta kai su ga riƙe sifana da hannunsu. Akwai maganganun da suka zauna a bakin mahaya tamkar yankan wuƙa, wannan ya ji daga wancan, wancan ya ji daga wani, alhali su ne ke cinye inji, wani lokacin ma su jefa rai cikin haɗari.

Wadda ta fi yi mana ciwo ita ce cewa wai baƙin mai duk ɗaya ne, na mota ma yana yi. Ba haka ba ne. A mota, inji daban, giya daban, kuloci kuma a bushe yake. A mafi yawan babura masu giya kuwa, mai ɗaya ne ke wanke fistan, ya bi haƙoran giya, kuma a cikinsa fayafayan kuloci suke iyo. Man motar zamani ana zuba masa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, kuma santsin nan shi ne ke hana kuloci kamawa. Alamar a fili take: ka murɗa totur a kan hawa, inji ya ɗauki kuka, amma gudu bai ƙaru ba. Saboda wannan matsala ce masu ƙera ababen hawa na Japan suka fito da ma'aunin JASO na babura a 1998. Duk galan ɗin da za ka saya, juya bayansa ka nemi JASO MA ko MA2. Wanda aka rubuta wa MB na baburan da ba a canja musu giya da ƙafa ne, kada ka zuba shi a inda kuloci ke cikin mai. Kaurin man kuma, ko 10W-40 ko 20W-50, littafin babur ɗinka ne zai faɗa maka.

Juyen ma akwai yadda ake yinsa. A tayar da inji ya ɗumama kamar minti uku zuwa biyar, a kashe, a kafe babur a babban jak a wuri mai daidai, sannan a kwance notin ƙasa a bar man ya tsane sarai. Dubi abin da ya fito kafin ka kawar da shi. In ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. In ka shafa a yatsa ka ga yana ƙyalli, ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki. Ƙananan injuna da yawa ba su da matatar takarda, sai 'yar raga ta waya, ita kuma sai an cire an wanke, abin da kusan kowa ke mantawa. Wajen mayar da noti a yi hankali, domin jikin injin alminiyom ne, ƙarfin hannu kaɗan ya wuce kima sai zaren ya cinye, daga nan sai ɗigar mai har abada. Injin 100cc zuwa 150cc yakan sha kusan lita ɗaya, wasu ƙasa da haka kaɗan. Masu ƙarawa wai don inji ya ji daɗi suna cutar da shi, domin man da ya yi yawa kumfa yake yi, ya matsa wa robobin toshiya, ya soma tsattsafowa. Tsohon man kuma a zuba shi a mazubi, kada a malalar da shi a ƙasa ko a magudanar ruwa.

Sai kaca. Mutane da yawa suna jin daɗin su ga an ja ta ta yi tsam kamar tsirkiya, suna ɗauka hakan ne gyara. Ku lura da yadda babur yake: idan mutum ya hau, ko aka faɗa rami, hannun da ke riƙe da tayar baya yana ɗagawa, tazarar da ke tsakanin farantin haƙora na gaba da na baya tana ƙaruwa. Kacar da ba ta da sassauci a tsaye, a wannan lokacin sai ta riƙa fizgar sandar giya, ta kashe boris ɗin da ke riƙe da ita, ta ɓata robar toshiya, ita kanta ta miƙe kafin lokacinta. A galibin baburan titi ana so ta yi wasan milimita 20 zuwa 30 sama da ƙasa, a auna a tsakiyar layin ƙasa. Kafin ka auna, juya tayar a hankali ka nemo inda ta fi matsewa, don kaca ba ta cinyewa bai ɗaya, a nan ne ake saitawa. Masu jan tayar na dama da hagu kuma dole su tsaya a zane ɗaya, in ba haka ba taya ta karkace.

Hanyar gane ta ƙare ba wuya. Kama ta a bayan farantin baya ka jawo. In ta ɗago har ka hangi rabin haƙori, ta gama yayi. In haƙoran sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, su ma sun gama. A canja ukun tare, wato kaca da farantin gaba da na baya, domin tsohon faranti cikin ɗan lokaci yake lalata sabuwar kaca. Wajen maƙala makullin kaca, rufaffen kansa ne ke kallon inda kacar ke tafiya, in aka juya shi yana iya fita ana cikin gudu. Da kananzir ake wanke ta. Wadda ke da ƙananan zobban roba a tsakanin gaɓoɓinta ba a sa mata fetur, yana ɓata robar. A shafa mata mai bayan kamar kilomita 500, ta ciki inda take haɗuwa da haƙora, kuma ya fi kyau bayan an dawo daga tafiya tana da ɗumi. Muna roƙo da babbar murya: kada a taɓa goge kaca inji na aiki da giya a ciki. Tsumma yana kamawa ya ja yatsu cikin haƙora kafin ƙiftawar ido.

Tsoron birkin gaba shi ma gado ne mara kyau. Idan aka taka birki, nauyin babur da na mahayi gaba yake komawa, shi ya sa tayar gaba ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa. Mai dogaro da na baya kaɗai, ranar da yaro ya ɓullo masa a hanya tayar za ta ƙame ta ja ƙasa, babur ya ci gaba da tafiya. Abin da ke kayar da mutum shi ne cafkar birkin gaba lokaci guda, musamman a kwana ko a kan yashi. Matsa shi ake yi sannu-sannu, ana ƙara ƙarfi, tare da na baya, kuma a koyi hakan a fili inda babu kowa. Mai birkin faifai ya sani cewa man birki yana shan danshi daga iska. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai zafinsa ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa yakan sauko zuwa wajen 155, sai ka ji hannun birki ya yi laushi a doguwar gangara. A canja shi duk shekara biyu, kuma kada a haɗa shi da nau'in DOT 5.

Iskar taya da sanyinta ake aunawa, da ma'auni, ba da matsa yatsa ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar da ta tsufa robarta ta ƙame, ko da zanenta yana nan daram.

Na ƙarshe shi ne masu matse bawul, wato 'yan ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a saman inji, har inji ya yi tsit. Ɗan ƙas-ƙas da ake ji a saman inji ba ciwo ba ne, tazara ce da aka bari domin ƙarfe yana kumbura idan ya yi zafi. In aka rufe ta, bawul ba zai zauna daidai a mazauninsa ba, matsi ya riƙa zurarewa, babur ya yi wuyar tashi, a ƙarshe bakin bawul ɗin ya ƙone. A ƙananan injuna tazarar takan kasance wajen milimita 0.05, wasu sun ɗara haka, kuma ana saita ta ne da siririn ƙarfen awo, inji a sanyaye, fistan a can sama lokacin da bawul biyun suke rufe.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka, ya kuma kiyaye mu a hanya.

Daga wasu masu sha'awar babur da gyaransa