Kurciyar Turai Baƙuwa Ce, A Daina Tare Ta A Makwancinta

Assalamu alaikum Malam Edita,

Muna roƙon fili a jaridarku domin jan hankalin mafarauta da manoman fadama a kan wata kurciya da ke ƙarewa.

A kimiyyance sunanta Streptopelia turtur, dangin tattabara ce. A Turai take ƙyanƙyasa, ta ƙetaro Sahara wajen Satumba zuwa Oktoba, ta ci rani a Sahel har da arewacin Najeriya, ta koma wajen Afrilu. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗauke ta daga rukunin tsuntsayen da ba a fargaba a kansu ta sa ta cikin masu rauni. Mataki biyu ke gaban wannan, na haɗari da na matsanancin haɗari, daga nan sai ƙarewa a daji. A Turai ta ragu da kusan kashi 78 cikin 100 tsakanin 1980 da 2013.

Matsalar ita ce mai danƙo ba ya bambanta ta da ƙaramar kurciyarmu ta gari, wadda ba ta cikin haɗari. A dubi gefen wuya: baƙuwar tana da tambari mai zanen baƙi da fari. Gashin fiffikenta baƙi ne a tsakiya, ja-ja a gefe, kamar ɓawon kifi.

Abu biyu take nema, ruwan sha da kurmin ƙaya mai duhu irin na bagaruwa inda za su kwana garke guda, kuma irin wannan wuri ne ake sarewa a fadamar Rima domin itace da gawayi. Nan ne kuma ɓarnar raga ta fi muni. Ƙwai biyu kacal take yi a sheƙa, don haka garken da aka kwashe dare ɗaya ba ya dawowa da wuri. A ganinmu mai raga ya fi mai danƙo laifi nesa ba kusa ba.

Da Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da farautarta a 2021, yawanta ya fara farfaɗowa. Muna kira ga hakimai da sarakunan mafarauta daga Goronyo zuwa Wurno su hana kafa raga a makwancin kurciyoyi daga Oktoba zuwa Afrilu, mai sharar gona kuma ya bar bagaruwar bakin ruwa a tsaye.

Wassalam.
Wasu masu nazarin tsuntsaye, Sakkwato.