Godiya ga ma'aikatan African Services Committee na Harlem

Assalamu alaikum. Wannan wasiƙar ta ma'aikatan ofishin African Services Committee ce da ke titi na 127 a Harlem cikin birnin New York, ƙungiyar da ke taimaka wa baƙi 'yan Afirka, amma da gangan na rubuta ta da Hausa don mutanenmu na Bronx su gani, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi da na Nima a Gana duk ina so ta iske su, in ya so wani yaro mai turanci ya fassara wa mutanen ofis ɗin.

Ni direban tasi ne, kuma wanda duk ya daɗe a garin nan ya san ko bai so ba sai ya zama mai masauki, haka muka taso muka gani a zango, baƙo ya sauka a nemo masa tabarma da tuwo a nuna masa hanyar kasuwa. To amma baƙuncin Amurka ya fi ƙarfin tabarma da tuwo, takarda ce ke cin mutum a nan, kuma mu tsofaffin hannu abin da muka sani na zamaninmu ne, doka ta canza ta sake canzawa muna nan muna ba yara shawarar da ta riga ta tsufa.

Daga 2022 zuwa 2024 baƙi sama da dubu 200 suka shigo New York, da yawa daga yankinmu na Afirka ta Yamma ta hanyar Nikaraguwa da Meziko suka biyo, Senegal, Gini, Muritaniya, da ɗaiɗaikun namu Hausawa. A 2023 aka buɗe wurin karɓar baƙi a otal ɗin Roosevelt, daga baya kuma hukumar birni ta sa wa'adin kwana 30 ga gwauraye a gidajen kwana na gwamnati, wato kafin mutum ya gane layin jirgin ƙasan unguwarsu an ce ya tattara ya sake neman gado. A irin wannan yanayin ne 'yan damfara suka samu kasuwa. Wani mai shago a nan Bronx, ba zan kira suna ba, ya kafa tebur da kwamfuta da hatimi yana cika wa yara fom ɗin neman mafaka yana karɓar ɗaruruwan daloli, labari iri ɗaya yake rubuta wa kowa sai dai ya canza suna da gari. Yaran da suka fito daga ƙasashen Faransanci su suka fi faɗawa, don a can mai hatimin notari masanin doka ne, a nan kuwa shaidar sa hannu kawai yake yi, ba lauya ba ne ko kusa.

Wani yaro ɗan Damagaram da ke kwana a falona saura kaɗan ya kai kuɗinsa can, kuɗin da ya tara da kai abinci a keke cikin sanyi, sai wani dattijo a masallaci ya ce mu fara zuwa wajenku. Matar da ta karɓe mu ta juya harshe zuwa Faransanci da ta ga turancinsa bai kai ba, inda ya maƙale ni kuma in ƙarasa masa da Hausa. Ta ce ya zazzage duk abin da ke cikin ledarsa a kan tebur, takardun da aka ba shi a boda duk sun yamutse wasu har da shatin ruwa, ta miƙar da su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, ta nemo lambarsa ta shige da fice ta duba, sai ga shi ashe yana da ranar zaman kotun shige da fice a ginin 26 Federal Plaza da ke Manhattan shi bai ma sani ba, don adireshin da ke jikin fayil ɗinsa na wurin kwanan da ya bari ne tuntuni. Wlh jikina sai da ya yi sanyi, domin wanda bai je kotu ba alƙali na iya yanke hukuncin kora a bayan idonsa. Nan take aka nuna masa yadda ake canza adireshi, na kotu daban na hukumar shige da fice daban, abin da ni kaina na ga mutane da yawa suna yin ɗaya su ɗauka sun gama.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shi ne gaskiyar da kuka faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba. An ce masa fom ɗin neman mafaka, wato I-589, cikin shekara ɗaya da shigowa ake shigar da shi, izinin aiki kuma a lokacin sai bayan kwana 150 da shigarwa ake nema, babu wanda zai iya gaggauta masa komai yawan kuɗinsa. An ce masa talauci kaɗai ba hujjar mafaka ba ce a dokarsu, kuma wanda alƙali ya kama da labarin ƙarya da gangan zai iya rufe wa kansa ƙofar takarda har abada. Yaron bai ji daɗi ba, a jirgi ko magana bai yi min ba har muka sauka. Amma gara wannan ɓacin ran sau dubu da daɗin bakin mai hatimi, ku ba ku yi masa alƙawarin komai ba, kuma ko sisi ba ku karɓa ba.

Sai maganar gwajin jini. Mu dai takarda ta kai mu, aka ce ga gwajin ciwon hanta kyauta in muna so. Mutanenmu na gudun wannan, wai kar a gano wa mutum abin da zai hana shi barci, alhali ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu kuma yakan yi shekaru a jiki shiru sai ya gama cin hanta sannan ya nuna kansa, ga shi akwai rigakafi ga wanda bai kamu ba, akwai magani mai danne shi ga wanda ya kamu. Yadda mai ɗaukar jinin ya yi bayani a natse, a ɗaki a rufe ba a gaban jama'a ba, shi ya sa har ni na miƙa hannu. A nan kuma yaron ya ji labarin katin shaida na IDNYC da birni ke bayarwa tun 2015 ba ruwansu da matsayin takardarka, da shirin NYC Care da aka fara a Bronx a 2019 don wanda ba shi da inshora ya ga likita a asibitocin birni. Akwai ajin turanci, akwai rabon kayan abinci, waɗannan kam kowa ya sani.

Da na ji tarihin wurin ban yi mamaki ba, 'yan gudun hijirar Habasha ne suka kafa shi a 1981, Asfaha Hadera na kan gaba, mutanen da su ma sun taɓa tsayawa a layi da leda a hannu. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lauyoyi da masu ba da tallafi, don jama'a sun yi yawa kuma kullum ƙaruwa suke.

'Yan'uwa masu masauki, limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu, dan Allah in baƙo ya sauka kar a bari ya kai wata shida yana jiran shawarar majalisar shayi. A tambaye shi ranar da ya shigo, a sa ya adana kowace takarda ko da ƙarama ce, ya ɗauki hotonta a waya, a kira ofis ɗin a ji ranar da suke ganin sababbin mutane, kuma wanda ke jin turanci ko Faransanci ya daure ya raka shi.

Naku,
wani direban tasi daga Bronx