Wanda ba zai yi ba, ya nuna wa mara lafiya wanda zai yi

Malam Edita,

Ni ungozoma ce a Gombe, na daɗe a ɗakin haihuwa. Kwanan baya wata mata ta biya kuɗin mota tun daga Dukku, goye da jariri ɗan wata biyar, tana son allurar tazarar haihuwa. Abokiyar aikina ta ce imaninta bai yarda ba. Ban ga laifinta ba, don sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da abin da zuciyarsa ta yarda da shi. A Ingila ma dokar 1967 ta yarda likita ya janye hannunsa daga zubar da ciki.

Abin da ya ɓata min rai, ko nuna mata ƙofar ɗakin da nake zaune ba ta yi ba. Baiwar Allah ta koma gida haka nan, ga rana, ga kuɗin mota ya tafi.

Ina roƙon majalisar jiharmu ta rubuta wannan a doka: ma'aikaci na iya ƙi, amma dole ya tura mara lafiya wajen wani a ranar. Larurar gaggawa kuwa, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta riga ta hana ƙin kula da ita.

Wata ungozoma, Gombe