Godiya ga Ofishin Kula da Iyaye na Sashen Dashen Ɓargo

Zuwa ga ma'aikatan ƙaramin ofishin nan na ƙarshen baranda, a asibitin da muka yi jinya a Delhi. Bayan gaisuwa mai yawa, da Hausa na rubuta wannan don 'yan uwa masu shirin irin tafiyarmu su gani. Tafintanmu ya yi alkawarin karanta muku.

Ɗana mai sikila ne. Ni AS, mahaifiyarsa AS, mun yi aure tun kafin Kano ta kafa dokar gwaji a 2024. Shekara 9 muna zaryar asibiti da ƙarin jini. Da aka zo maganar dashe, likita ya ce damar ɗan uwa na ciki ɗaya ya dace ɗaya ce cikin huɗu. Allah cikin ikonsa, ɓargon ƙanwarsa ya dace.

Likitoci sun yi mana bayanin komai game da jikin yaro. Abin da zai sami zuciyar iyayensa kuwa, ku kaɗai kuka kula da shi.

Sai da aka yi kusan mako ana ba shi maganin da ke kashe ɓargonsa, sannan ranar dashen, wadda suke kira ranar sifili domin daga ita ake fara ƙirga kwanaki, ta zo. Dashen kansa jaka ɗaya ce aka rataya kamar ta ƙarin jini. Jiran da ya biyo baya shi ne tashin hankalin. Garkuwar jikinsa ta faɗi ƙasa warwas, bakinsa ya yi gyambo har yawu ya gagara haɗiya, gashinsa na zubewa a kan matashi. Uwarsa na ciki da takunkumi, ni ina leƙe ta gilashi. Da ƙafarsa yaron nan ya shigo, kuma ni na sa hannu a takardar da ta ambaci rashin haihuwa da mutuwa. Wannan tunanin ya hana ni barci. Na fara yi wa matata tsawa a waya ba dalili. In na kira gida sai a ce, "Ka yi tawakkali, kai namiji ne." Gaskiya suka faɗa, amma ba ta sauke min nauyin da ke ƙirjina ba.

A kwana na 6 wata Malama ta ofishinku ta same ni a kan benci, ta sa tafinta ya tambaye ni, "Baba, yaushe rabonka da barci?" Tun da muka sauka ba wanda ya tambayi lafiyata. Wallahi kuka na yi, ban ji kunya ba. Ta ce rashin barci da zargin kai da saurin fushi abin da suke gani ne kullum ga iyaye a wannan sashe, ba raunin imani ba ne.

Ba ku tsaya ga baki ba. Kun tsara mu riƙa karɓar juna don uwarsa ta runtsa. Kun hana ni bin sakamakon jini a waya, sai sau ɗaya a rana tare da likita. Kun samo min wurin sallah.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne na ƙanwarsa. Ashe yarinyar nan 'yar shekara 6 ta ƙudurta a ranta cewa in yayanta ya mutu, ɓargonta ne ba shi da kyau. Mu iyayenta ba mu lura ba. Ku kuka gano, kuna zaune da ita a ƙasa kuna zane.

A kwana na 17 sabon ɓargo ya kama. Kafin mu cika kwana 100 ƙuraje suka feso masa, alamar sabbin ƙwayoyin suna faɗa da jikinsa, tsorona ya dawo sabo. Ƙofarku na sake ƙwanƙwasawa, kuka buɗe.

Yanzu muna Kano, yaro ya koma makaranta. Mahaifiyarsa tana gaishe ku, ƙanwarsa kuma ta ba tafinta wani zanen ya kawo wa Malama. Allah Ya saka muku da alheri.

Naku,
Mahaifin yaron ɗaki na 4