Godiya ga injiniyoyin da suka ɗaura mana akwatin kafasita a Sharaɗa

Assalamu alaikum.

Ina da masana'antar casar shinkafa a Sharaɗa, Kano. Taransfomarmu mai ƙarfin kVA 500 ta daɗe tana ba mu wahala. Da an tada injina gaba ɗaya sai ta ɗau zafi, wuta ta yi ƙasa, moto ya kama gurnani. Duk wanda muka kira bakinsu ɗaya: a sayi babbar taransfoma. Wani ma ɗan akwati ya kawo mai ƙyalƙyalin fitilu, yana rantsuwa zai rage mana rabin kuɗin wuta. Tun da aka kai wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a 2024 masu irin wannan rantsuwa suka yi yawa.

Injiniyan da kamfanin da ya yi mana aikin ya turo bai ko ambaci farashi ba sai da ya ɗaura na'urar awo ya bar ta ta kwana. Washegari ya ce, "Alhaji, taransfomarku lafiyarta ƙalau, fawa faktanku ne ya faɗo 0.7." Ya zauna a kan buhun dusa ya yi min lissafi a bayan rasit. Ashe moto yana jan wata wutar da ba ta juya komai, maganaɗisu kawai take haɗa masa, amma tana tare wuri a waya da taransfoma. Fawa fakta shi ne kason wutar da ke yin aiki na gaske: a 0.7 kilowat 350 za mu samu daga taransfomar, a 0.95 kuwa 475.

Akwatin da suka haɗa kafasitoci ne daki-daki, masu samar wa moto waccan wutar ta maganaɗisu, da na'urar da ke auna lodi tana ƙarawa ko ragewa da kanta. Aikin bai ɗau lokaci ba, zafin kuma ya sauka.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne gaskiyar yaron nan. Ya ce kada in sa rai mita za ta ragu sosai, ribar tana wajen taransfoma da wayoyi. Ya gargaɗe mu a kashe akwatin idan janareta na aiki da ƙaramin lodi, a riƙa kaɗe masa ƙura, kuma kada kowa ya sa hannu da zarar an kashe, don kafasita tana riƙe wuta. Allah ya yi masa albarka.

A garin nan mai gyara zai karɓi kuɗinka, ya ɗaura maka kaya na jabu ba takarda ba garanti, in ka kira ya ce yana hanya, ka yini kana jira. Wasu ko na'urar awo ba su mallaka ba, amma kowa injiniya ne a katinsa.