Masu shirin zuwa filin gishirin Uyuni, a duba direba kafin a duba farashi

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan filin gishirin Uyuni na ƙasar Bolibiya a Kudancin Amurka, don na ga hotunansa sun cika Facebook har matasanmu na cewa in kuɗi ya zo can za su je hutawa. Wurin akwai kyau wallahi, amma batun hutu kam babu shi, kuma masu ɗora hotunan ba sa faɗin sauran labarin.

Filin ya haura murabba'in kilomita 10,000, yana kan tudu mita 3,656 sama da teku, in damina ta yi wajen Janairu zuwa Maris ruwa ya kwanta a kai sai sama da ƙasa su haɗe ka rasa ina ne ina, to wannan shi ne hoton da kowa ya sani. Sai dai gishirin rana ɗaya ce kacal cikin yawon kwana uku da aka saba yi a Land Cruiser, mutum shida da direba. Ranar farko daɗi ne zalla, a kai ku inda tsofaffin jiragen ƙasa suke ruɓewa a bayan garin Uyuni, a bi ta Colchani inda ake haƙar gishiri, a tsaya a tsibirin Incahuasi, wani tudun duwatsu a tsakiyar gishirin, da dare ku kwana a ɗakin da aka gina da tubalin gishiri har gadon ma gishiri ne.

Daga rana ta biyu ne ido ke raina fata. Babu kwalta, sai sawun taya cikin tsakuwa da yashi, mota na hawa ana ta jijjiga har a kai Laguna Colorada, wani tafki ja jawur a mita 4,278 cike da tsuntsayen filamingo, kana son ka ɗan yi sauri ka ɗau hoto amma taku kaɗan sai haki, kai na sarawa, wani har amai yake don iskar shaƙa ta yi ƙaranci. Washegari kafin asuba za a tashe ku zuwa Sol de Mañana, sama da mita 4,800, inda ƙasa ke tafasa tana fitar da tururi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sannan tafkin Laguna Verde a gindin dutsen Licancabur, daga nan wasu su tsallaka San Pedro de Atacama a Chile wasu su juya Uyuni. A watan Yuni da Yuli kuwa, lokacin sanyinsu, ruwan gorarka ma daskarewa yake cikin dare, ka yi tunanin alwalar asuba a haka.

Abin da ya sa na ɗau biro shi ne direba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Bilma ya san a sahara bayan Allah sai direba, to can ma haka ne, shi ne makanike, shi ne ɗan jagora, sau da yawa shi ne mai dafa abinci, ga jarkokin fetur da tukunyar gas ɗaure a saman mota, ga babu netwok kusan duk hanyar. A garin Uyuni ofisoshin yawon buɗe ido jere suke kowa na kiranka da nasa farashi, mu kuma mun iya ciniki, sai mutum ya yi ta taya har ya faɗa hannun mai araha, ya ƙare a mota mai suɗaɗɗiyar taya da direban da jiya ya dawo bai runtsa ba, wani ma ya ɗan kora. A 2008 motoci biyu sun yi taho-mu-gama a tsakiyar wannan fili mai faɗi, wuta ta tashi, mutum 13 suka rasu. Don haka ka ce a nuna maka motar da idonka, ka duba safaya, ka tambaya akwai tukunyar oksijin, akwai wayar satalayit, in suka fara kame-kame ka ƙara gaba ko da za ka biya ƙari.

Kada kuma ka sauka daga jirgi ka faɗa mota, ka ɗan kwana biyu a birnin Sucre ko La Paz na Bolibiya jiki ya saba da tudu, mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Za a ba ka shayin ganyen koka (ganyen da ake yin hodar iblis da shi) don ciwon kan nan, can ba laifi ba ne, amma kar ka kuskura ka sako shi a jaka, a filin jirginmu ba wanda zai saurari bayaninka. Abinci kuma ka gaya musu tun a ofis ba ka cin nama, za su haɗa ka da ƙwai da shinkafa da miyar kinuwa (wani hatsinsu na can), in ba haka ba ka tarar da tsiran alade a farantinka. Dabinon guzurinka ka cinye shi kafin boda, jami'an Chile ba sa wasa da kayan gona.

Edita, in za ku buga hotunan nan a shafin yawon buɗe ido, don Allah ku haɗa da wannan bayanin a ƙasa.

Naku,
Wani mai karatunku daga Kano