Zuwa ga kamfanin inshorar lafiya da ya cire sunan ɗana

Salam. Na rubuto a fili ne saboda na gaji da layin wayarku, kiɗa kawai ake sa min har batir ya mutu.

Ina aikin jinya a Bronx da ke birnin New York, duk wata ana cire min dala 438 a albashi na inshorar mu uku, ni da abokiyar zamana da yaronmu ɗan shekara shida. Ita ta haife shi, ni kuma tun ranar da aka sallamo su daga asibiti nake goyonsa. Da takardar zaman tare ta birnin New York kuka karɓe mu tun farko, har ƙarin haraji nake biya a kan kasonta tunda ba aure muka yi ba, ban taɓa cewa uffan ba.

Wajen farkon shekara kuka ce kuna tantance iyalai, na tura duk abin da kuka nema, shiru. Ranar 9 ga Maris asma ta tashi yaron cikin dare, muka kwashe shi sai emajensi yana numfashi da ƙyar, a can ne matar da ke teburin karɓar marasa lafiya ta juyo min da kwamfuta ta ce an rufe sunansa tun watan jiya. Ko imel ba ku turo ba. Bil ya zo dala 3,870.

Ranar 21 ga Maris na samu ma'aikacinku, na faɗa masa maganar riƙon yaron tana kotun iyali ana jiran rana, wai sai ya yi dariya ya ce "Madam ai tun 2015 an halatta auren mace da mace, ku je ku yi aure mana ku huta." Haba. Ni ƴar Najeriya ce, dokar 2014 shekara 14 ta yanka a kan irin wannan auren, kuma mahaifiyata tana can ina zuwa duba ta. Wannan lissafin nawa ne, ba na mai amsa waya ba.

Dan Allah ku mayar da sunansa daga ranar da kuka cire, ku biya bil ɗin, kuma ku ba ni amsa a rubuce. Don kuɗin mutum uku dai ba ku fasa cirewa ba ko wata ɗaya. Ni yanzu na fara zargin tantancewar nan dabara ce ta zubar da yara masu yawan zuwa asibiti, maƙwabciyata mai riƙon marayun yayanta ma haka aka yi mata. Kwafin wannan yana hanyar zuwa hukumar da ke sa ido kan inshora a jihar New York.